Shuni a Wuyan Inna

To jama'a, ku gyara zama, yau kam ba zan ɓoye muku komai ba, har kukan da na yi a bakin murhu sai kun ji shi. Wanda bai san ni ba, sunana Haske, ɗiyar Dodo manomin gero. Gidanmu na nan Filinge gabas da kasuwa, mai tsohuwar aduwa a ƙofa. Cikin haihuwar Inna mu biyu muka rayu, ni da yayata Dijatu. Kuma ina son wani. Kai, na faɗa! Da Kaka Laraba na kusa da ta ce wannan yarinya an wanke mata ido da sabulu.

Hamani sunansa. Ubansa Bakurfaye ne kamar mu, uwarsa Bazabarmiya ce daga Baleyara, shi ya sa in ya ji daɗi sai "fofo" ta kuɓuce masa maimakon sannu. Shekarar da Annasara suka ce kowane gari ya ba da samari don yaƙinsu na bayan teku, yana cikin waɗanda aka ɗaure wa igiya aka tafi da su. Ina 'yar mitsitsiya lokacin, ban ma san an yi shi ba. Sai da yaƙi ya ƙare, aka daɗe ana yawo da su bariki-bariki a bakin kogi, sannan ya dawo. Dogo, siriri, kai ƙwal kamar ƙwarya sabuwar fafewa. Da damina ya yi noma, da rani ya kasa kanwa a kasuwa.

Aibinsa guda a garin nan: yana dafa tufafinsa. Wallahi dafawa, a tukunya, a kan wuta, kamar mai dafa wake. Riga, wando, bargo, duk sai sun tafasa kafin ya shanya. 'Yan mata a rijiya suka sa masa suna Mai-miyar-riga. Ni ma na yi dariya, ba zan yi muku ƙarya ba. Na yi dariya har ranar da guga ta suɓuce mini, ya zo wucewa, ya ciro mini ita, ya miƙo yana kallon ƙasa. Tun daga ranar duk wadda ta ce Mai-miyar-riga sai in ji kamar ni ta zaga.

Kaka Laraba, uwar Babana, ita ce 'yar aikenmu. Daddawa take saidawa, kuma rumfarta na jikin tasa. Ba ta taɓa kawo saƙo yadda aka ba ta ba, sai ta sa masa gishiri.

"Mi yac ce, Kaka?"

"Ya ce a gaishe ki."

"Shi ke nan?"

"Ya ce kuma ke baƙa ce, ni ce fara, ni yake so. Ba ni goro in ƙarasa miki."

Sai na ba ta tukuna ta ce, "Ya ce jiya ya hango ki da tulu, har ya auna wa wata mata kanwa bai karɓi komi ba." In rufe fuska da gyale, zuciyata na ta tsalle. Ana haka magabatansa suka kawo goron tambaya, Baba ya karɓa, aka ce sa rana sai an gama kai gero rumbu.

Sai ga ciwon nan ya shigo.

Ba mu san shi ba, kakanninmu ba su san shi ba. Mun san agana, mun san sanƙarau, mun san murar da ta kwashe mutane shekarun baya. Wannan daban yake. Mutum zai kwanta da zazzaɓi, kai kamar zai tsage, gaɓoɓi na ciwo, ido ya koma ruwan ɗorawa. Ya yi kwanaki a haka, sai gumi ya karyo masa, ya tashi garau har ya nemi fura. A yi ta zuwa barka. Ba a gama barka ba sai ciwon ya dawo ya sake kayar da shi. Wani ya tashi, wani sai dai a ɗauke shi. Mutane suka sa masa suna Mai-komowa. A zango ya fara, inda fatake ke kwana tare da 'yan dakon da Annasara ke tilasta wa ɗaukar kaya, daga nan ya shiga bin gida-gida.

Har Tabla ya kai, inda Dijatu ke aure. Ya kayar da ita, ta tashi, ya komo. Ba ta sake tashi ba.

Ku da kuka san al'adarmu kun san Dijatu ɗiyar fari ce, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Dijatu a bakin Inna ba. Tana gida "waccan" ce, da ta yi aure ta koma "ta Tabla". Ranar da ɗan aike ya zo da labarin, Inna na daka. Ta tsayar da taɓarya, ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta ci gaba da dakanta. Ni ina birgima a ƙasa, Kaka na salati, Baba ya fita waje don kada a ga idonsa. Inna ko ɗigo. Matan unguwa suka yi ta yabo, wai mace mai kunya, mai zurfin ciki. Ni kuwa haushinta na ji, haushi mai tsanani, na yi kwanaki ina gaishe ta sama-sama.

Bayan sadakar bakwai aka raba tufafin Dijatu sadaka, yadda ake yi wa kowane mamaci. Wannan ta samu zane, waccan ta samu kallabi, kowa na sa mata albarka. Abu guda aka dawo mana da shi gida: turkudi.

Bari in gaya muku turkudin nan. Mijin Kaka ne ya sawo shi daga wajen Kano zamanin yana fatauci, tun Annasara ba su taka ƙasar nan ba. 'Yan siraran saƙa ne aka harhaɗa da ɗinki, aka rina da shuni, aka buga shi har yana ɗaukar ido, baƙi ba baƙi ba, shuɗi ba shuɗi ba. Ruwa bai taɓa taɓa shi ba, don ran da aka wanke turkudi ran nan ƙyallinsa ya mutu. A adudu yake kwana da turaren jiji. Kaka ta lulluɓa da shi ranar aurenta, ta ba Inna, Inna ta ba Dijatu. In amarya ta yafa shi shunin kan sauka a wuyanta da kumatunta, ta yi kwanaki ba ta son wankewa don a san ta shiga turkudi. Dijatu ta tafi da shi Tabla da niyyar ta dawo mini da shi da hannunta. Uwar mijinta ta ce da sanyin zazzaɓi ya kama Dijatu, shi ta roƙa a lulluɓa mata, a cikinsa ta cika. Inna ta karɓi adudun, ta kai ɗakinta, ba ta ce komai ba.

Ba a jima ba Baffa Magagi, wan Babana, ya zo da hantsi. Ina bayan danga ina tankaɗe, kunnena kuwa yana zaure.

"Dodo, kai ba ka ji abin da gari ke faɗi? Sojan nan shi yak kawo muna wanga ciwo. Kafin su dawo wa yas san Mai-komowa? Mutum shina dafa riga kamar maye, kuma kowa na faɗuwa shi ba ya faɗuwa. Ka rasa ɗiya guda, za ka miƙa ta biyu?"

Baba ya ce, "Yaya, na riga na karɓi goronsu."

"Goro ana maida shi. Ni dai na gaya maka, ran da ciwon nan yat taɓa wani cikin gidanga, da ƙafata za ni kai musu kayansu."

"To," in ji Baba. To kawai! Rariya ta faɗi daga hannuna, gari ya watse, kaji suka yi biki.

Ranar kasuwa Kaka ta dawo ba ta nemi goro ba, a nan na san da magana.

"Mi yac ce?"

"Ya ce ya ji abin da Magagi yac ce, kuma bai ji haushi ba."

"Sai mi?"

"Ya ce tufafin marigayiya da anka raba, su wa sunka samu? Na lissafa mishi. Ya ce mi anka dawo da shi gida. Na ce turkudi. Haske, yaron nan sai da ya miƙe tsaye. Ya ce shina zuwa da la'asar."

Na yi wanka, na sa zanen saƙi mai ratsin fari da kallabin da ya dace da shi, na ja kwalli, na ɗaura 'yar tsakiyar wuya da Dijatu ta bar mini. Ina makoki, amma ai ba a ce in fita kamar mujiya ba. Kaka ta shimfiɗa tabarma gindin aduwa, ta zauna gefe da mazarinta tana kaɗi, wai ba ta jin komai.

Ya zo da farar riga, ta sha dahuwa har ta yi laushi. Ya gaishe da Kaka a durƙushe. Ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai.

"Ya ƙarin haƙuri, Haske?"

"Da godiya."

"Kin rame."

"Kai ma ba ƙiba gare ka ba."

Ya yi ɗan murmushi, sannan fuskarsa ta koma yadda take. "Baffanki bai yi ƙarya duka ba. Hanyar da munka biyo, ita ciwon yab biyo. Na gan shi a bariki, na gan shi a jirgin ruwa. Ni ma ya kayar da ni har ya komo, Allah bai yi kwanana ya ƙare ba. Mu da yawa a ɗaki guda, ga ɗari, bargo guda mutum uku. Duk wanda yag gaji bargon mamaci, shi ke binsa."

"To mi ke cikin bargo? Iska?"

"Ƙwarƙwata."

Kaka ta tsayar da mazari. "Ƙwarƙwata? Wannan da munka tashi da ita tun muna tsirara? Yaro, ka sha rana."

"Ita fa, Kaka. Da ba ta ɗauke da komi, yanzu ta ɗauko. Ta sha jinin mai ciwo, ta laɓe cikin ɗinkin tufa, ta koma jikin mai lafiya. Ka kama ta ka murje da farce, ka sosa wurin, shi ke nan ya shiga. Wani ma'aikacin lokotoro, wato likitan soja, ne yas sa anka aske mu, anka dafa kayanmu cikin manyan tukwane, ciwon yaɗ ɗaga muna ƙafa. Tun ran nan ban bar dafawa ba. Ku duba gidajen da sunka karɓi sadakar tufafi a garin nan, ku duba inda ake kwance."

Na fara lissafi a zuci. Jummai mai kitso ta karɓi zanen Dijatu, tana kwance. Gidan Yahaya maƙeri sun karɓi bargo, mutum biyu. Tsigar jikina ta tashi.

"Haske," ya ce a hankali, "turkudin nan, a dafa shi."

Jama'a, ban san sanda na miƙe ba. "A dafa mi? Turkudin Kaka? Abin da Dijatu tac cika a cikinsa? Shi kaɗai yar rage muna mai ƙanshinta! Ka san in ya taɓa ruwa ya zama tsumma?"

"Na sani."

"Ranar aurena da mi za ni lulluɓa? Da bargonka na soja?"

"Ko da buhu kika lulluɓa ina so. Da rai dai nike son ki."

Maganar ta shige ni har ƙashi, amma fushi bai bar ni na nuna ba. Na ce masa ai adudun a rufe yake, ba mai taɓa shi, na juya na shige gida ko rakiya ban yi masa ba. Ina ji Kaka na ce masa, "Rabu da ita, halina ne tag gado, kakanta ma haka yay yi ta fama da ni."

Washegari da safe Inna na durƙushe tana hura wuta, ni ina kawo mata itace. Kallabinta ya zame. Sai na ga wuyanta. Shuɗi. Bayan kunnenta shuɗi, gefen kumatunta shuɗi, har cikin tafin hannunta. Na tsaya da itace a hannu kamar an dasa ni.

Wayyo Inna. Ashe matar da na ce ba ta da zuciya, in ta shiga ɗaki ta saki labule, adudun take buɗewa. Ashe a cikin turkudin take kwana, tana shaƙar abin da ya rage na ɗiyar da ba ta da ikon kiran sunanta, da asuba ta ninke ta mayar, ta fito ta kama daka. Kunya ta hana ta kuka a gaban mutane, ta je tana yi inda ba mai gani.

"Inna," na ce, "wuyanki."

Ta yi sauri ta ja kallabi. "Toka ce."

"Toka ba ta shuɗi, Inna."

"Ke, kawo itacen nan ki bar ni da surutu." Ta miƙo hannu ta karɓa, yatsunta suka taɓa nawa. Zafi rau kamar an ciro dutse daga murhu.

Kafin azahar ta kwanta. Kafin la'asar Baffa Magagi ya iso da ƙwaryar goron tambaya a hannu, an rufe da faifai, ya tsaya tsakar gida yana kiran Baba ya zo su tafi. Baba ya fito yana saɓa riga, bai dube ni ba.

Ni dai ban taɓa ɗaga murya gaban Baffa ba tun da aka haife ni. Ran nan ma ban ɗaga ba. Ɗakin Inna na shiga, tana ta makyarkyata, ta ƙanƙame turkudin a ƙirji ba ta ko ɓoyewa. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini." Na zare shi a hankali, tana riƙewa, ina ja, ƙarfinta ya gaza. Na fito da shi tsakiyar rana, na shimfiɗa a kan turmi a gaban Baffa da Baba, na sa tsinke na buɗe bakin ɗinki guda.

Ga su nan. Jere cikin ɗinkin, farare-farare, da ƙwayayensu manne kamar an yayyafa gero. Zafin rana ya taɓa su suka fara motsi. Na buɗe wani ɗinkin, haka. Na buɗe wani, haka.

"Baffa," na ce, kaina a ƙasa, "Hamani bai taɓa wuce gindin aduwa ba. Wannan shi yash shigo har ɗakin Inna. Daga jikin Dijatu yah hito."

Baffa ya ce, "Ƙwarƙwata ce fa kawai." Amma ya ja da baya, yana sosa wuya.

Kaka ta fito daga ɗakinta tana dogara sanda. Ta daɗe tana kallon turkudin. Ita ce ta fara shigarsa tana budurwa, mijin da ya sawo mata ya daɗe a ƙasa. Ta ce, "Magagi, Jummai na kwance ko ba ta kwance? Gidan Yahaya fa? Sojan ne yab ba su zane, ko mu? Aje ƙwaryar nan, ba ka da nauyin kai ta ko'ina ina raye. Haske, ɗora babbar tukunya."

Na ɗora. Na yi ta tura itace, hayaƙi na shiga idona, ina godiya da hayaƙin don ya ba ni abin fakewa. Da ruwa ya tafasa Kaka ta sa sandarta ta ɗago turkudin. Sai muka ji motsi. Inna ce ta rarrafo har bakin ƙofa, ta dafa bango ta miƙe, ido jawur.

"Ku ba ni," ta ce.

Ba wanda ya yi gardama. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi fuskarta ta daɗe, sannan ta sake shi cikin tukunya. Ruwan ya rine nan take, ƙyallin shekara da shekaru ya taso sama kamar mai ya watse. Inna ta buɗe baki, a gaban mijinta, a gaban uwar mijinta, a gaban wan mijinta, ta ce, "Dijatu. Dijatuna. Wayyo Dijatu ɗiyata."

Ban taɓa jin sunan ya yi daɗi haka ba, ban kuma taɓa jin abin da ya yanke ni kamarsa ba. Na rungume ta muka zube bakin murhu muna kuka. Kaka na share ido da gefen zane tana cewa hayaƙi ne. Ba wanda ya ce Inna ta yi rashin kunya, ko Baffa.

Baba ne ya fara magana. "Inna," ya ce wa Kaka, "a kira yaron nan. A ce shi taho da askarsa."

Kun dai san tsakanin mutum da surukinsa. Ko hanya suka haɗa sai ɗaya ya ratse. Amma ran nan Hamani ya yi sallama, Baba ya ce ya shigo har tsakar gida, ya cire hula ya zauna a kan turmi ya miƙa masa kai. Hamani ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gabansa.

"Baba, a gafarce ni."

"Yi aikinka, ɗana. In ka yanke ni dai na fasa ba ka."

Ina leƙe ta ɗakin girki, ina dariya hawaye na zuba. Da aka gama da Baba, Baffa Magagi ya yi gyaran murya, ya ce tun da askar ta riga ta jiƙe ai ba a mayar da ita haka nan ba. Mu mata Kaka ta tsefe mu, ta wanke mana kai da ruwan toka mai zafi. Duk wani zane da bargo na gidan sai da ya shiga tukunya, tabarmin Inna aka ƙone. Kaka ta ɗauki sandarta ta bi gidajen da aka kai sadakar tufafi, wasu suka ji, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Da yamma in ka hango unguwarmu, danga duk shanya ce. 'Yan matan rijiya suka rasa wanda za su yi wa dariya, don iyayensu ma miyar riga suke yi.

Inna ta sha wuya. Na yi ta ba ta ruwa da kunu cokali-cokali, ina goge mata jiki. Hamani kullum sai ya aiko Kaka: ta sha ruwa? Idonta fa? Ke kin ci abinci? Na ce a gaya masa na ci. Kaka ta dawo ta ce, "Ya ce ƙarya kike, ga ƙuli-ƙuli." Sai wata safiya gumi ya karyo wa Inna, ta buɗe ido ta ce tana son fura mai tsami. Gida ya kaure da murna, maƙwabta suka yi ta shigowa barka, Baba har da yanka zakara.

Ni kaɗai murnata ba ta cika ba. Na san sunan ciwon nan. Na san Dijatu ma ta tashi ta sha fura.

Washegari da hantsi Inna ta kira ni ɗakinta. Tana zaune ta jingina da bango, turkudin a cinyarta. Ya koɗe, ya yi yaushi, ba ƙyalli ba ƙanshi, kamar zanen da aka shekara ana zuwa gona da shi. Tana ta shafa shi tana gyara ninkin.

"Zo in gwada miki."

Na durƙusa, ta yafa mini a ka, ta ja gefen ta rufe mini fuska yadda ake yi wa amarya, ta ɗaga ta dube ni.

"Ba zai ba ki shuni ba," ta ce.

"Ba komi, Inna."

"Ya yi miki kyau hakanan." Ta ɗaga murya. "Malam! Shigo ka ji."

Baba ya leƙo da sabon askinsa.

"A aika gidan su Hamani. Juma'ar nan nike so a ɗaura."

"Juma'ar nan? Haba, ke da kika tashi jiya? Ba a gama kai gero rumbu ba, ba mu gaya wa dangi ba. Bari ki ƙara jin ƙarfi, mi ake ci da sauri?"

Inna ba ta dube shi ba, ni take kallo. Ta kama hannuna ta matse, tafinta sanyi ƙalau, har yanzu da sauran shuɗi a gindin farcenta wanda wanka bai fitar ba. A nan na gane ita ma lissafin da nake yi take yi.

"Ta fari na kai ta ɗaki ban ko dube ta ba, wai kunya," ta ce. "Wagga da idona nike so in gani, in kira sunanta kowa na ji. Malam, ka aika tun ina zaune."

Baba ya juya ya ɗauki takalminsa.